Sikelin Rabi da Sukarin Malam Gado

Tun safe nake kallonku kuna latsa wayoyin da aka raba muku, kuma na ji abin da mai jan mayafin can ta faɗa wa ƙawarta. Wai aikin ba komai ba ne, tambayar mutum za ka yi cokali nawa na sukari ya sha jiya, ka latsa, ka wuce gida na gaba. To, ku kife wayoyin tukuna. Sunana Rabi, a nan Yelwa aka haife ni, kuma na fi shekara ashirin ina yin wannan tambayar, daga nan har Shanga, har ƙauyukan Ngaski da sai a jirgin ruwa ake zuwansu. Abin da ofis ke so shi ne a san yawan sukarin da manya ke ƙara wa abin da suke ci da sha a rana, a haɗa na kowa a ga inda jama'a ta dosa. A takarda layi ɗaya ne. A ƙofar gida kuwa, da wuya in tuna wanda ya ba ni amsar daidai a karon farko, kuma yawancinsu ba ƙarya suka yi niyya ba.

Gidan da na fara shiga na wata mai sayar da bandar kifi ne a bayan kasuwa. Lokacin ina bin Hajiya Kulu, wadda ta koya mini aikin, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce mai ƙarancin magana. Ta ce in fara, ita za ta saurara. Na gyara zama na ce, “Inna, kin sha sukari jiya?”

Matar ta kalle ni sama da ƙasa. “Sukari? Ni yarinya ce?”

Na rubuta babu, na fara tattara kaya. Hajiya Kulu ta dafa gwiwata. Ta juya wajen matar kamar hira ce kawai ta kawo su, ta ce, “Jiya da kinka idar da asuba, mi kinka fara sa ma bakinki?”

“Koko. Na gidan Asabe.”

“Haka nan kinka sha shi, ko da ɗan ƙulli?”

“A'a, wa ka shan kokon Asabe babu ƙulli? Tsami gare shi.”

Daga nan Hajiya ta bi da ita salla bayan salla. Da hantsi ta sha zoɓo a kasuwa. Bayan azahar an dama mata fura, an kwance ƙullin sukari ɗaya a ciki. Da la'asar jikarta ta kawo alawar madara, ta gutsura. Bayan magariba ta jiƙa gari saboda tuwon bai ishe su ba. Matar da ta ce ita ba yarinya ba ce, sau biyar sukari ya shiga bakinta, kuma ita kanta da aka lissafa mata sai da ta riƙe haɓa. Da muka fito, abin da Hajiya Kulu ta ce mini ke nan: “Kada ki ƙara ambaton sunan abin sai shi ya fito da kanshi.” Wata shida na yi ina ɗaukar mata jaka kafin ta bar ni in shiga gida ni kaɗai.

Jakar nan ita ce sana'ar, ba wayar ba. Akwai ƙaramin sikeli mai batir, da wani ɗan ƙarfe da aka san nauyinsa, wanda kullum safe nake ɗorawa in ga ko sikelin na nan daidai. Zafi na rikita shi, iskar bakin ruwa ma haka, shi ya sa nake sa shi cikin kwali in zan auna. Akwai cokula huɗu, daga na shayi har wanda ake cin shinkafa da shi, domin in mutum ya ce “cokali biyu” bai faɗa muku komai ba. Wane cokali? A shafe ko da tozo? Akwai kofuna uku, da ludayi, da gwangwanin madara wanda ba komai a ciki. Sannan ku san abin da kuke nema. Zaƙin mangwaro da dabino da raken da aka tsotsa, Allah ne ya sa shi, ba ruwanmu da shi. Amma zuma a kunu, mazarƙwaila, madarar gwangwani mai kauri, lemon kwalba, fanke, burodin da ke manne wa haƙori, duk hannun mutum ne ya ƙara, duk namu ne.

Wani manomin albasa a Shanga shi ya sa na daina yawo da sukari. A da kwalba guda nake cikawa, in miƙa wa mutum cokali in ce ya ɗebo kamar yadda ya ɗiba jiya, in auna. Mutumin nan ya ɗebi cokali biyar masu tozo, yana ƙoƙarin na shida, a kofin shayi guda. Na ce, “Malam, haka kake sha?” Ya ce ai wani lokaci ma ya fi haka. Da na auna na mayar cikin kwalba, sai fuskarsa ta canza. “Au, ba nawa ba ne?” Ashe labari ya riga ni shiga garin cewa abin da ka ɗiba shi gwamnati za ta riƙa ba ka. A garin da suka ɗauka likita ce ke, kowa zai rage. A garin da suka ɗauka rabo kika kawo, kowa zai ƙara. Daga ranar na koma amfani da farin yashi na bakin ruwa, in wanke, in shanya, in tankaɗe. A ofis aka yi mana jadawalin da ke nuna yashi kaza daidai yake da sukari kaza. Babu mai kwaɗayin yashi. Na ɗauka na yi dabara, kuma ta yi mini aiki shekaru.

Teburin Sani mai shayi a tashar Warra kwana uku ya ci mana. Maza da yawa ba su san abin da ke cikin kofinsu ba, mai shayi ne ya sani, shi kuma ba da cokali yake zubawa ba, gwangwani yake karkatawa. Dole sai an auna gwangwanin kafin ya fara, a ƙirga kofunan da ya haɗa, a sake aunawa. Tare muke da abokin aikina Lawali, saurayi mai faran-faran da ya iya zama da maza, ni ina gefe a kan benci. Sani bai yarda da mu ba ko kaɗan. Da farko ya ce 'yan haraji ne mu. Da Lawali ya rantse masa, sai ya ce to mai shayin tsallaken titi ne ya turo mu mu sace masa haɗi. Da ƙyar ya bari. Ranar farko lissafi ya fito ɗan kaɗan, har Lawali ya ce ashe mutanen Warra ba su son zaƙi. Ni kuwa kunnena na kan masu sha. Wani ɗan acaɓa ya kurɓa ya ajiye kofin. “Sani, yau ruwan zahi kake saida muna?” Na ce wa Lawali ya yaga takardar, gobe mu dawo. Rana ta biyu Sani ya ɗan saki hannu wajen zuba sukarin. Sai a ta uku, da motar Yelwa ta sauke fasinja suka rufe shi, ya manta da mu, hannunsa ya koma yadda ya saba. Abin da ya fito ya kusa ninka na ranar farko. Na rana ta uku muka rubuta.

Ku lura da rana ma. Jiyar da ta faɗo ranar kasuwa ba jiya ba ce ta kullum, haka ta suna ko ta biki. Azumi kuwa a bar shi gefe, don kunun buɗa baki kaɗai zai sa a ɗauka garin gaba ɗaya a cikin buhun sukari yake kwana.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da aikin ya kusa ƙare mini. Babban bincike aka kawo, kuma an gaya mana da sakamakonsa za a duba wuraren da za a fara tura masu gwajin jini na ciwon sukari. Cikin garuruwan da suka faɗo mana ni da Lawali akwai wani ƙauyen masunta a bakin ruwa, gaba da Warra. Ba zan faɗi sunansa ba. Gida ashirin aka zaɓa mana a can, muka yi shida a zuwan farko. Na shidan shi ne gidan Malam Gado.

Dattijo ne dogo, ya haura sittin, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Na same shi yana gyaran komar kamun kifi a inuwa, da buta cike da ruwan sha a gefensa. Kafin mu kai azahar a lissafin jiyarsa ya kusa shanye butar, kuma sau biyu yana tashi zagayawa. Babban yatsan ƙafarsa a naɗe yake da tsumma. Matarsa, Inna Tumba, tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta shara, ba ta tafi ba. A nan na yi kuskure. Ƙa'ida ita ce mutum shi kaɗai ake tambaya, amma na ji nauyin in ce wa dattijuwa ta matsa a cikin gidanta.

“Baba, shayin da ka sha kafin ka shiga ruwa, mi anka sa ciki?”

“Ganye da ruwa.”

“A cikin jirgi fa, da rana ta take?”

“Gari na jiƙa. Da ƙuli.”

“Shi kaɗai?”

“Shi kaɗai, ɗiyata.”

Na zagayo ta wata hanya, na sake zagayowa. Na miƙa masa cokali da kwanon yashi na ce ko ɗan kaɗan ne ya nuna mini. Ya ɗebi yashin, ya kalli ƙofa, ya zubar da shi a kwanon. “Babu,” ya ce. Ban yarda ba, amma abin da mutum ya faɗa ake rubutawa, ba abin da kike zato ba. Na rubuta babu. Sai da na rufe takardar, don ba a ba da shawara kafin a gama, na ce masa, “Baba, don Allah ka tahi asibiti Yelwa a gwada jininka, a duba ƙafar ga. Kada ka bari sati ya wuce.”

Ya ajiye komar. “Mi kinka gani cikin sikelin naki?”

“Ban ga komi ba. Ƙishirwar ga ce ba ta yi mini ba.”

Bai je ba. Ba a yi sati uku ba ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, ya rasu a jirgi ana hanyar kawo shi.

Labarin da ya tashi daga garin ba na ƙafa ba ne. Cewa aka yi wata mata ta zo da ƙasa a kwano, ta sa shi ya ɗiba da hannunsa, ta ɗora a ma'auni, ta gaya masa kwanakin da suka rage masa. Wato bugun ƙasa na yi masa. Kun san yadda magana ke tafiya a ruwa, jirgi ɗaya ya kai ta kasuwa, jirage goma su raba ta. Cikin kwana kaɗan ƙofofi suka fara rufuwa tun daga nesa. A wani gari mata suka kwashe tabarmi da suka hango ni. Wani mai jirgi ya ce zai ɗauke ni amma ban da jakar.

Saura gida goma sha huɗu a garin Malam Gado. Lawali ya ce, “Yaya Rabi, ke suka sani. Ki tafi Shanga ki ƙarasa can, ni zan koma ni kaɗai, ba sikeli ba yashi, da cokula kawai.” Na ga maganarsa da hankali, na yarda. Bayan kwana huɗu ya kawo mini takardun gida goma sha huɗun a cike, da ƙarin guda ɗaya.

Tun kafin in karanta na ji ba daidai ba. Takardar da ta je garin masunta tana dawowa da tabon ruwa, da ƙarnin kifi, da lanƙwasa a kusurwa. Waɗannan kamar yanzu aka fito da su daga kwali. Na fara dubawa. Kusan kowa cokali biyu, a shafe. Babu wanda ya manta wani abu aka dawo aka ƙara a gefe, babu gogewa ko ɗaya. Mutum uku sun sha lemon kwalba mai sanyi a garin da na san babu mai sayar da ƙanƙara. Duk da haka na ce bari in yi masa uzuri, sai na kai takarda ta ƙarshe. A tsarin aikin akwai gidajen da ake komawa a tambayi mutum na biyu, gidan Malam Gado na ciki. An rubuta Inna Tumba ta je kasuwar Warra ta sha zoɓo. Matar da ke cikin takaba, ko arba'in ba a yi ba.

Na kira shi bayan ofis, na ajiye takardar a gabansa, na sa yatsa a kan layin. Ya karanta.

“Na je,” ya ce. “Wallahi na je har bakin gaɓa. Samarin garin suka ce in na sauko da jakar nan, ni da ita za su jefa ruwa. Na koma Warra na zauna.”

“Ka zauna ka cika.”

“Yaya Rabi, cikin takardun jiha gaba ɗaya, wa zai lura da goma sha huɗu?”

“Da ka dawo ka ce an kore ka, da babu mai cewa komai. Yanzu ka rubuta garin lafiya lau, kowa cokali biyu. In aka tsallake su wajen gwaji fa?”

Ya roƙe ni in bari a tsakaninmu, in ya so a jefar da takardun a ce sun jiƙe. Na ce sun riga sun shiga rajista da lambobinsu. Na kai wa shugabar aikin. Aka cire takardun duka, aka sake bin duk gidajen da Lawali ya yi shi kaɗai a baya, aka sami wasu biyu masu irin wannan tsabtar. Ba a ƙara kiransa aiki ba. Mahaifiyarsa unguwarmu ɗaya, ta yi shekara biyu ba ta amsa gaisuwata.

Shugaba ta ce a bar garin, a musanya shi da wani. Na nemi ta ba ni sati ɗaya. Na je wajen Hajiya Kulu, lokacin ta yi ritaya, idonta ma ya fara rauni. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, “Kin yi ma matar gaisuwa?” Na ce a'a. Ta ce, “To da wace fuska za ki koma da jaka?”

Na tafi ba jaka, ba takarda, da sabulu da goro a ƙullin mayafi. Da na sauka babu wanda ya amsa sallamata, amma babu wanda ya tare ni, don ba a hana mai gaisuwar mutuwa wucewa. Na sami Inna Tumba a ɗaki. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa ba ta ɗago ba. Can ta ce, “Ke ce mai yashi.”

“Ni ce, Inna.”

“Sun ce ke kinka auna kwanansa.”

“Na ji.”

Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani babban gwangwani mai murfi, duk ya yi tsatsa, ta buɗe. Sukari ne, ya kai rabi, ya dunƙule saboda laima. “Yara sunka gano shi ƙarƙashin katakon jirgi, wajen da yake zama. Shekara biyu ke nan da wani malamin asibiti ya ce mishi yana da ciwon, ya rage zaƙi, ya riƙa shan magani. Maganin wata ɗaya ya sha ya bari. Na hana sukari shiga gidan ga. Ashe tsakiyar ruwa yake jiƙa garinshi da shi, inda ba ni gani.” Ta rufe gwangwanin. “Ranar da kinka zo, da gangan na tsaya ƙofa. Na ɗauka in ya gan ni zai ji kunya ya faɗi gaskiya.”

Na ce, “Da kin matsa, wataƙila da ya faɗa. Ni ya kamata in ce ki matsa, ban ce ba.”

Ni ba likita ba ce, ban ce mata gwangwanin ne ya kashe shi ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Abin da ta tambaya shi ne ko za a iya gyara takardarsa a rubuta gaskiya. Na ce ba za a iya ba, jiyar mutum shi kaɗai ke ba da ita. Har yau a cikin lissafin shekarar akwai dattijo ɗaya a bakin ruwa da ba ya shan sukari ko kaɗan, kuma da hannuna na rubuta.

Inna Tumba ce ta aika aka kira mai gari da limami, tana daga bayan labule ta sa aka miƙa musu gwangwanin. Ta ce duk mai cewa baƙuwa ta kashe mata miji ya zo ya ɗanɗana abin da ke ciki. Bayan kwana uku na dawo da jakata, na zubar da yashin a ruwa tun a hanya. Tun daga lokacin kowa da sukarin gidansa da cokalinsa yake nuna mini, wanda ba shi da shi mu yi da gishiri. Gida goma sha huɗun sun ɗauke ni kwana tara, biyu sun ƙi har ƙarshe, na rubuta sun ƙi. Garin ya shiga cikin waɗanda masu gwaji suka je.

Kafin in bar gidan a ranar ƙarshe, Inna Tumba ta kira babban ɗanta Manu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ta ce, “Wanga ma da buta yake kwana. Ki faɗa mishi abin da kinka faɗa ma ubanshi, ni kuma in ga wanda zai hana shi tahiya.” Washegari ƙannensa biyu suka sa shi a jirgi. An gwada, an samu, an ɗora shi a kan magani.

Bara aiki ya sake kai ni garin. Inna Tumba ta rasu, amma Manu na nan, ya yi ƙiba daidai, jirage biyu gare shi. Ba ya cikin gidajen da aka zaɓa, gaisuwa kawai na shiga. Muna cikin hira aka kawo masa shayi, bakina ya riga ni.

“Manu, cokali nawa ke cikin wannan?”

“Ɗaya, Inna Rabi. Tun da likita ya yi magana, ɗaya tak.”

Matarsa na tsaye a bayansa da faranti. Sai ta ɗaga mini yatsu uku.

Manu bai ko waiwaya ba. Ya hura shayin, ya kurɓa.

“To, uku,” ya ce. “Amma ƙaramin cokali ne.”